Itace a Gonar Aro

Nafisa, Sadiƙu, wannan babin naku ne, kuma na daɗe ina kewaye shi kamar mai tsoron karen maƙwabta. Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don bangon gidan nan ba shi da kauri: wai Abba ya kwaso mu daga Doha saboda bishiya. Ke Nafisa har kin taɓa faɗa wa mijinki haka a gabana kina dariya, ni ma na taya ku dariyar, amma ran nan abinci bai shiga cikina ba. To yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, Ummanku kuma ta ce in rubuta in huta da nishi, bari in faɗa muku yadda aka yi. Akwai bishiya a cikin maganar, ban musa ba. Amma akwai idon wani bawan Allah a ciki, akwai kuma abin kunyar da ubanku ya aikata da hannunsa na dama, wanda har yau ba ku sani ba.

Kun san noma na karanta, shi ya kai ni can. Wani kamfani mai kula da lambuna ya ɗauke ni, aka damƙa mini wani rukunin gidaje a Al Gharrafa, gidaje da yawa cikin katanga ɗaya, da ma'aikata goma sha biyu a ƙarƙashina. Suna ce mini Injiniya, ni kuwa ban hana su ba, don sunan ya yi mini daɗi. Aikin lambu a garin nan wani irin aiki ne da in ka ba manomin Haɗeja labarinsa zai ce ka zautu. Da zarar zafi ya karye, sai manyan motoci su iso da furanni jingim a cikin ƙananan ledoji baƙaƙe, mu jera su bakin hanya, ja da fari da shuɗi, masu gida su fito da yamma suna ɗaukar hoto. Kafin watan Mayu ya ƙare rana ta soye su ƙurmus. Sai mu tuge, mu loda a mota, a kai juji, mu jira wata shekarar. Shekara shida na yi ina wannan, ina shuka abin da na san ranar mutuwarsa tun kafin in sa shi a ƙasa.

A ofis akwai wata takarda da nake cikewa duk wata, layi biyu gare ta. Ɗaya na tsiron da ke yin zamani guda ya mutu, ɗayan kuma an rubuta masa perennial a sama. Kalmar Turanci ce, kuma tunda za ta sake fitowa a labarin nan gara in warware muku ita yadda na fahimce ta, ko da yake kun fi ni Turancin zamani. Asalinta, abin da ke ratsa shekara ya shiga wata bai ƙare ba. Ana faɗinta ga tsiron da ba sai an sake shuka shi ba, wanda ko ganyensa ya zube saiwarsa na nan da rai. Ana faɗinta ga kogin da ba ya ƙafewa rani da damina. Ban taɓa jin an faɗe ta ga dutse ko ƙarfe ba. Ta fi zama a kan abin da ke shan wuya ya kuma sake tasowa. Kuma ba kullum take yabo ba, don matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wadda kowace shekara sai ta leƙo, ita ma haka suke ce mata. Ni dai a lokacin layi ce kawai a takarda, kuma layin da ya fi zama fayau, saboda masu gidajen sun fi son abin da zai yi kyau yau-yau.

Mutumin da ya fi kowa damuwa da wannan layin ko karanta shi bai iya ba. Baba Lawan ke nan, wanda kuka sani yana zuwa mana cin tuwo ranar Juma'a. Mutumin Nguru ne, ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru masu yawa. Da gadi ya fara, daga baya aka lura duk tukunyar furen da ke kusa da ƙofarsa ba ta mutuwa, aka mai da shi lambu. Gajere ne siriri, hularsa ɗaya tal, ta koɗe har ba a gane launinta. Ba ya gaggawa, ba ya kuma tsayawa. In mota ta sauke sabbin tsirrai sai ya ɗauki ɗaya, ya murza ganyen, ya shinshina, ya ce da ni:

"Injiniya, wannan 'yar kwana ce ko mazauniya?"

In na ce 'yar kwana ce, sai ya girgiza kai.

"Allah sarki. To a ba ta ruwa dai, baƙo ma yana da haƙƙi."

A bayan ɗakunan ma'aikata akwai wani ɗan tsiri tsakanin gini da katanga, inda ba mai zuwa sai kyanwa. Nan ya yi tasa gonar: kurna biyu, wadda mutanen ƙasar ke kira sidra, da zogale biyar. Ba wanda ya ba shi ruwa, don ruwan lambu da awo ake sakinsa. Abin da ya yi, ya bi bayan ɗakunan nan, duk inda iyakwandishan ke ɗigar da ruwa ya ɗaura masa guntun tiyo, ya haɗa su suna zuba cikin wani tsohon duro. Ruwan da kowa ke bari ya bi ƙasa ɗis-ɗis, shi ya tara ya raini itace bakwai da shi, a garin da rana ke narka takalmi. Kuma ba a sama yake watsa musu ba. Kowace bishiya ya binne mata guntun bututu a gindi, tsawon kamu biyu, ta nan yake ɗura ruwan, wai don saiwa ta koyi neman abincinta a ƙasa, kada ta saba da yawo a sama. Wallahi ni da na ƙare ƙuruciyata a jami'a ban taɓa kawo wannan dabarar a wurin ba. Lokacin da na zo, kurnar nan ta riga ta kere katanga. Da rana tsaka direbobi da masu shara, namu da na wasu ƙasashe, nan suke shimfiɗa kwali su yi sallah su ci abinci.

Wata rana na tsokane shi, don ni da tsokana kun san ba a raba mu.

"Baba, kai da ka san al'ada, ko a gida ai ba a dasa itace a gonar aro. Gero da wake ake shukawa, a girbe a ba mai gona abinsa. Nan kuwa ko ƙasar da ta maƙale a takalminmu ba tamu ba ce."

Ya daɗe yana tsinke busasshen ganye kafin ya amsa.

"Abin da ya sa aka hana, don kada mai aro ya wayi gari ya ce gonar tasa ce. Ni na ce tawa ce? Ran da aka ce in tafi, jakata ɗaya. Amma a ce mutum ya yi shekara ashirin a wuri, ya sha ruwansa, bai bar ko inuwar da akuya za ta kwanta ba? Haba Injiniya. Ai sai ƙasar ta kai ƙarata."

Ummanku ce ta gano matsalar idonsa. Ni da nake tare da shi kullum ban lura ba, don ya san wurin nan kamar yunwar cikinsa, da taɓawa yake aikinsa. Wata Juma'a a gidanmu na Al Sadd ta ajiye masa kofin zoɓo, ya miƙa hannu ya kama iska, ya sake lalubawa a hankali kamar ba komai. Ita da take nas, abin bai wuce ta ba, amma ba ta ce uffan ba sai da kuka tashi.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

"'Yata, ke dai ba ki rabo da wasa."

"Nawa ne, Baba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara huɗu ke nan nake ganin mutane kamar ta bayan labule, bana kuwa labulen ya yi kauri. Don Allah kada ofis su ji."

Yanar ido ce ta rufe masa idanun duka biyu. Ranar hutunta ta ɗauke shi da kanta ta kai shi asibiti. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, za a cire, zai gani tas, sai dai layin da tsawo, sai nan da wata biyar. Sharaɗi ɗaya ne: iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta kasance da rai ranar aikin. Kamfani ne kafil ɗinsa, wato mai riƙe da takardar zamansa, kamar yadda yake nawa. In suka soke takardar, sai jirgi, kuma shi da kansa ya san in ya sauka ƙauyensu a haka, sai dai a nemo mai ja masa sanda. Muka riƙe maganar mu uku muna ƙirga watanni.

A shekarar an kawo mana sabon manaja, matashi mai rawar kai, komai nasa yalla, yalla, wato maza-maza. Ya sa a kafa rumfunan ajiye motoci a jikin katangar baya, ya kawo motar tona ƙasa ta fara ramukan ginshiƙai ba tare da an duba taswirar bututun ruwa ba. Na faɗa masa da baki, ban rubuta ba, wannan ma wautata ce. Saura wata uku a yi wa Baba aiki, sai babban bututun da ya bi ta wurin ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya yi ta ci ba a sani ba, har ƙasa ta zauna, katangar wani gida ta tsage daga sama har ƙasa. Mai gidan ya ta da ƙura, wakilin mai rukunin ya ce a kawo masa rahoto a rubuce.

Ranar Laraba na sa aka tona. Abin da na gani, har yau in na rufe ido yana nan. Ga bututu, ga shaidar haƙoran motar tona ƙasa a jikinsa guda uku ɓaro-ɓaro. Taku huɗu daga nan kuma, tsakanin bututun da gindin kurna, sai ga fasassun tayil, irin waɗanda magina ke zubarwa, an kafa su a tsaye cikin ƙasa, wannan na hawa kan wancan, zurfin ƙugu, tun daga farkon tsirin har ƙarshensa. Saiwoyin sun zo sun tarar da su, sun lanƙwasa sun yi ƙasa. Ko sili ɗaya bai tsallaka ba. Ashe tun ranar da tsohon nan ya dasa itatuwansa, suna tsawon yatsa, ya san akwai bututu a wurin, ya yi musu shinge a inda ba mai gani, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Na tsaya a bakin ramin nan. Na ɗauki hotuna da wayata, don haka na saba yi a kowane aiki.

Washegari Alhamis manaja ya kira ni ofis. Rahoto na kan tebur, an riga an buga shi, saura sa hannuna. Abin da ke ciki shi ne, saiwar itatuwan da wani ma'aikaci ya dasa ba da izini ba ita ta fasa bututu, don haka a sare itatuwan, a sallami ma'aikacin.

"Yallaɓai, ba haka na gani ba," na ce.

"Wa ya ba shi izinin shuka a wurin? Akwai takarda?"

"Babu."

"To khalas, magana ta ƙare. Tsohon nan perennial problem ne, kowace shekara sai an yi maganarsa, ga shi ya wuce shekarun aiki. Ya tafi gida ya huta. Kai kuwa kana da yara biyu a makaranta, matarka ma a kan takardarka take zaune. In ba saiwa ba ce, to sakacin mai kula da wurin ne, kuma kai ne mai kula da wurin. Zaɓi ɗaya."

Kun ji inda kalmar nan ta sake fitowa, ta fuskarta da ba ta yabo ba. Ina so in ce muku na buga tebur na tashi. Ban buga ba. Na tuna ke Nafisa saura miki shekara ɗaya ki gama sakandare, na tuna ginin da muka fara a gida ko rufi babu, na tuna an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Na ɗauki biro na sa hannu. Hannun ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro daga baya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Baba da ledarsa ta zogale kamar kullum. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ummanku ta yi tuwon shinkafa miyar taushe. Kai Sadiƙu kana ta zuba masa labarin ƙwallo, shi da bai san ko mutum nawa ke buga ta ba, yana ta "to, to, madalla". Sai da kuka shiga ɗaki ya wanke hannu, ya juyo wajen da yake jin motsina.

"Injiniya, an ce in kawo katin iƙamata ranar Lahadi. Wai saiwata ce ta fasa musu bututu. Ka tona ka gani?"

"Na tona, Baba."

"To tunda kai ka gani, shi ke nan. Ni idon ba ya nan. Na ɗan sa wasu tayil a wurin tun da daɗewa, wataƙila sun goce. Ka yafe ni ɗana, na jawo maka magana a wurin aikinka."

Jama'a, ni ake roƙo gafara! Ni kuma na buɗe baki na ce ba komai Baba, kun ji ƙarfin hali. Ya yi mana doguwar addu'a kamar yadda ya saba, ya sa muku albarka kowa da sunansa, ya laluba takalminsa. Ummanku ta raka shi har bakin tasi. Da ta dawo ba ta kwashe kwanukan ba. Ta tura ƙofar falo, ta zauna a gabana.

"Malam, tayil ɗin ya goce?"

Na kau da kai na hau gyara bakin tabarma.

"Tambayarka nake yi. Shekara goma sha tara muna tare, na san yadda kake cin tuwo in kana da gaskiya. Yau loma uku ka yi."

Na buɗe hotunan na miƙa mata wayar. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba, sannan ta kife wayar a kan tabarma.

"Saboda mu ka yi?"

"Saboda ku."

"To ba mu so. Ni dai ba na so, yaran kuma ba a tambaye su ba. Da idon tsoho za ka ciyar da su? Ni na riƙe hannunsa a gaban likita, na san abin da zai same shi in ya sauka a haka."

"Hajiya, aikinki ma zai tafi fa. A kan takardata kike."

"Na sani. Da can da ba mu zo Doha ba ƙasa muke ci? Ni ba faɗa zan yi maka ba, Malam. In ka bar rahoton nan yadda yake, zan ci gaba da dafa maka abinci, in wanke maka kaya, ba wanda zai ji bakinmu. Sai dai ba zan ƙara kallonka yadda nake kallonka ba. Ba kuma don na ƙi ba, ba zan iya ba ne."

Ko kaɗan ba ta ɗaga murya ba, kuna cikin ɗaki ba ku ji komai ba. Ta tashi ta kwashe kwanukanta ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo. Wannan ita ce uwarku, wadda kuke ganin ba ta da wata magana sai ta "kun ci abinci?". Na auri mace na yi shekara goma sha tara ina tsammanin ni ne ginshiƙin gidan, ran nan na san matsayina.

Asabar na wuni ina rubutu ina yagewa. Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a can, ban biya ta ofis ba. Kai tsaye na nufi wurin wakilin mai rukunin, wani dattijo ɗan ƙasa mai ƙarancin magana. Na ba shi sabon rahoto da hotunan, na kuma gaya masa da bakina cewa na farkon ƙarya ne, kuma ni na sa masa hannu. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ba na fatan a sake yi mini. Ya ce mu je. Ramin na nan ba a cike ba. Da farar rigarsa ya tsuguna a bakinsa, ya taɓa shaidar haƙoran nan, ya bi layin tayil da ido har ƙarshe.

"Wa ya yi wannan?"

Na nuna masa Baba Lawan, yana can gefe a tsaye da katinsa a hannu, yana jiran mai karɓa.

"Da izinin wa ka shuka?"

Da Larabcinsa na kasuwa Baba ya amsa masa.

"Ban tambayi kowa ba, wannan kam laifina ne. Amma ban yarda itacena ya cuci kayan mutane ba."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce tsohon ya mayar da katinsa aljihu. Ba a daɗe ba aka mayar da iƙamar Baba ƙarƙashin mai rukunin, ya zama mai kula da lambun gidansa na kansa, kamfani kuwa ba su da ta cewa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Manajan ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu kamfanin ne, ko gezau bai yi ba. Ni aka kira, aka ajiye rahotannin nan biyu kusa da juna, kowanne da sa hannuna, aka tambaye ni wa zai sake yarda da injiniya mai baki biyu. Gaskiyarsu ce kuwa. Da tun farko na ƙi, wataƙila da an yi ta ja-in-ja na tsira. Sa hannun ranar Alhamis shi ya yanka ni, ba gaskiyar ranar Lahadi ba, ku riƙe wannan da kyau. Aka ce ba za a sabunta kwantiragina ba, aka kuma hana ni takardar sakin da a lokacin sai da ita mutum ke komawa wani kamfani. Wata biyu aka ba mu mu tattara. Itatuwan ma ba su tsira ba, don an riga an amince da rumfar motoci. Cikin safiya ɗaya aka sare su aka zuba kwalta. Kada ku jira in ce kututture ya toho, bai toho ba. Na je in yi wa Baba jaje, na same shi yana rarraba wa direbobi 'ya'yan kurna da irin zogale a ƙulle cikin leda.

"Shekara goma sha ɗaya ana sallah a ƙarƙashinsu, Injiniya. Wane itace ne ya fi wannan arziki? Can gidan maigida kuma an ba ni bayan kicin. Iyakwandishan huɗu ne a wurin, na ƙirga da kunnena."

Har ya fara wani shirin, ni kuwa na zo da fuskar ta'aziyya. A nan na yarda manajan nan bai yi kuskure ba da ya laƙaba masa kalmar can, ta wutsiya dai ya kama ta. Ka sare shi nan, ya ɓullo can.

Ana jibi za mu tashi na koma wurinsa.

"Baba, ranar Juma'ar nan ƙarya na yi maka. Tayil ɗinka bai goce ba."

Ya yi 'yar dariya.

"Na sani mana. Ni na kafa su, kwana goma sha biyu ina yi bayan an tashi aiki. Ina za su goce su je?"

"To me ya sa ka ce in yafe maka?"

"Muryarka na ji. Mutumin da ya faɗa rami ba a jifansa, igiya ake miƙa masa. Na ce in ya kama, alhamdu lillahi. In bai kama ba, mai 'ya'ya ne, Allah ya ga uzurinsa. Ni makanta ba za ta hana ni sallah ba."

Ni da gemuna na zauna a kan bokiti na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, shi kuwa yana dafa kafaɗata yana cewa in yi a hankali kada mutanen gida su ɗauka dukana ya yi.

A filin jirgin Hamad ke Nafisa ba ki yi mini magana ba, a cikin jirgi ma kika juya fuska ga taga har muka sauka Kano. Kuma kina da gaskiya. An raba ki da ƙawayenki da makarantarki, kika zo nan aka mayar da ke baya aji guda. Ummanku ta yi kusan shekara biyu tana neman aiki, ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Na so in gaya muku dalili, kunya ta hana ni, don ba yadda za a ba da labarin nan a tsallake ranar Alhamis. Da kuka tsinci maganar an sare itatuwa kuka haɗa naku labarin, ni kuma na bar ku da shi. Ya fi mini sauƙi ku ɗauke ni mai taurin kai a kan bishiya, da ku san na taɓa sayar da tsoho.

Wata guda da dawowarmu, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga wani direba ɗan Gashuwa da ke aiki a gidan da Baba ya koma. Ina ɗauka sai ga fuskar Baba ta cika wayar, ido ɗaya fari fat kamar da, ɗayan da aka yi wa aiki jajir, yana ƙyafƙyaftawa.

"Injiniya, matso da fuskarka. Ƙara matsowa."

Ya daɗe yana kallona.

"Ikon Allah! Yaushe ka yi wannan furfurar? Ni fa na bar ka da baƙin gemu!"

Ummanku ta fito daga kicin da gudu tana gyara mayafi. Da ya gan ta, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, "Allah ya yi miki albarka" kawai yake maimaitawa, ita kuma tana share ido da bakin mayafi tana yi masa faɗan kada ya sa hannu a wurin, kada ya sunkuya ɗaukar bokiti. Kai Sadiƙu ka zo, ya ce ashe ƙaton kai gare ka irin na ubanka. Sannan ya ce:

"Ina Nafisa? Rabona da in ga fuskarta sosai tun ba ta kai kafaɗar uwarta ba."

Kina ɗaki. Na kira ki sau biyu, Ummanku ta je ta ƙwanƙwasa, kika ce ba ki da abin cewa da mai bishiya. Ya ji, don wayar na hannuna. Ya jira, ya ƙara jira, har direban ya ce za a neme shi.

"Ƙyale ta, Injiniya. Ni na ci mata shekara guda, tana da haƙƙin fushi. In ta huce ka nuna mini ita."

Bayan sati biyu kika tafi makarantar kwana. Shi kuwa aka yi masa ɗaya idon, ya ƙara shekara guda yana aiki, sannan ya koma Nguru da ƙafarsa, ba mai ja masa sanda, yana karatun Alƙur'aninsa da idonsa. Ni kuma kullum ina cewa in an yi hutu zan kai ki, in hutun ya zo sai in tuna sai na yi miki bayani a hanya, in ce sai wani hutun. Damina ɗaya ya yi a gida Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Baba Lawan, ya haskaka kabarinsa.

Ya ga kowa a gidan nan da sabon idonsa ban da ke. Ba ki da laifi ko na ƙwayar zarra, 'yata. Da na buɗe baki ran nan na gaya miki abin da aka saya da shekararki ɗaya, na san ki, ko mayafi ba za ki tsaya ɗauka ba.